Durƙuso Ba Raini Ba Ne

Har yau a majalisarmu ta bayan La'asar ana gardama kan 'yan wasan da ke durƙusawa a fili don nuna ƙorafi. Wasu sun ce rashin kishin ƙasa ne, cin mutuncin 'yan sanda ne. Ni dai ban yarda ba.

Colin Kaepernick ne ya fara abin a Amurka a 2016, kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata. Namu ya zo a Oktoban 2020, lokacin EndSARS: Victor Osimhen ya ci wa Napoli ƙwallo, ya ɗaga riga mai kiran a daina zaluncin 'yan sanda a Najeriya.

Jama'a, a gidajenmu wa ake durƙusa wa? Babba. Mai durƙuso kuka ya kawo, bai kunna wuta ba. Wuta kuwa mun gan ta a Apo, motocin 'yan kasuwa suka ƙone ƙurmus. Wannan ita ce ɓarna.

Muna bukatar ɗan sanda, shi ke tsare mana shago. Amma malamanmu sun koya mana cewa taimakon ɗan'uwa in yana zalunci shi ne a riƙe masa hannu. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kuka.