Bikin Aro a Makarantun Madrid

Tun daga shekarar 2004, sa'ad da hukumar lardin Madrid ta ƙasar Sifaniya ta zaɓi makarantun firamare 26 ta ce a riƙa koyar da aƙalla sulusin darussansu da Ingilishi, ban da lissafi da harshen ƙasa, wata al'ada ta kunno kai, wadda ta faro a matsayin nafila amma yau ta kusa zama farilla, wato duk makarantar da ta ɗauki harshen sai ta haɗa da bukukuwan masu shi. Waɗanda akan ɗora wa wannan hidima kuwa galibi baƙi ne, samari da 'yan mata daga Amurka da Ingila da Ayaland, wasu ɗalibai masu koyon aikin malanta, wasu mataimaka da aka ɗauko domin yara su ji lafazin harshen daga bakin masu shi. Na yi koyarwar gwaji tare da irinsu a wata makaranta a gefen birnin, kuma ra'ayina shi ne ana ɓarnar waɗannan baƙi.

Babban misali shi ne Halowin, bikin daren 31 ga Oktoba, wanda asalinsa daga Ayaland da Sikotland yake, 'yan ƙaura suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Tun saura mako biyu za ka ga an liƙe bangon aji da jemagun baƙar takarda, an baza auduga a ƙofa a matsayin yanar gizo-gizo, yara kuma sun duƙufa suna shafa wa hoton kabewa launi. Ranar biki uwaye su kawo su cikin shigar mayu da fatalwowi, a zaga aji-aji ana karɓar alewa. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, kuma ba na musun cewa yaran suna jin daɗi matuƙa. Abin da nake tambaya shi ne ribar ilmi. Idan an kwashe ado an share aji, abin da ya saura a kan yaro bai wuce sunaye 'yan kaɗan ba, mayya, ƙwarangwal, jemage, kabewa, babu jumla guda da ya gina da kansa, domin ba shi da labarin da zai bayar a kan abin da bai taɓa gani a gidansu ba.

Alhali kuwa washegari, 1 ga Nuwamba, ranar hutu ce a ƙasar baki ɗaya, ranar tunawa da waliyyansu, inda iyalai kan tafi maƙabarta su wanke kaburburan magabata su ajiye furanni, a wasu yankuna kamar Galisiya da Kataloniya kuma a gasa 'ya'yan itacen kastanya a ci. Yaron ya je, ya riƙe wa kakarsa bokiti, ya ji sunan kakan da bai riska ba. Ga abin faɗa cike da bakinsa, ba wanda ya tambaye shi da Ingilishi.

Na ga bambancin da idona bayan hutun Kirsimeti. Wata ɗalibar malanta Ba'amurkiya, wadda ba ta san bikin Sarakuna Uku na 6 ga Janairu ba, ta tambayi 'yan aji uku, tambaya ta haƙiƙa ba ta jarrabawa ba, dalilin da ya sa sai yanzu suke zancen kyautar da suka samu. Nan take aji ya rikice da ɗaga hannu. Wannan ya ce a daren 5 ga wata akan ajiye takalmi domin sarakunan su san inda za su sa kyauta, waccan ta katse shi ta ce ya manta da ruwan da ake ajiye wa raƙumansu, wani ya yi ta laluben kalma yana kwatance da yatsu har ya fahimtar da ita cewa cikin gurasar bikin akan ɓoye ƙwayar wake, wanda ya ci karo da ita shi zai biya kuɗin gurasar. Nahawunsu a karye yake, amma sun yi jayayya, sun yi gyara, sun kawo hujja, kuma duk da Ingilishi. Rashin sanin baƙuwar nan ya fi dukan hotunan kabewarta amfani, domin shi ya juyar da yaran suka zama masu ilmi, ita mai neman sani.

Wannan hanya kuma ita ce za ta buɗe baki ga 'ya'yan Maroko da suke da yawa a makarantun unguwannin talakawa. A biranen Sabta da Malila na Sifaniya an mai da Babbar Salla ranar hutu tun 2010, amma a Madrid yaro yakan yi fashi ranar Idi ya komo washegari da labarin rago da masallaci da sabuwar riga, a rubuta masa uzuri a wuce. Illa iyaka shugabannin makarantu sun san hoton yara cikin shigar mayu ya fi saurin gamsar da iyaye cewa ana Turanci a makarantar, ga shi buga hoton kabewa talatin ba ya cin minti biyar.