Ribar Mai Kanti da Dariyar Mai Karatu: Nazarin Baƙar Raha a Littafin Le Magasin des suicides na Jean Teulé

1.0 Gabatarwa

A adabin Turai akwai wani nau'in barkwanci da Faransawa ke kira humour noir, wanda a cikin wannan takarda za a kira shi baƙar raha. André Breton ne ya yaɗa sunan da wani kundi da ya tattara a shekarar 1940. Abin nufi shi ne a sa mutum dariya a kan abin da bisa al'ada kuka ake yi masa, kamar mutuwa da ciwo da yunwa. Ɗalibin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga irin wannan, domin wasan da jikoki ke yi wa kakansu, har a zaman makokinsa, dangin wannan raha ne. Haka kuma duk wanda ya nazarci zambo ya san tambayar farko da ake yi masa: wa aka nufa, kuma me ya yi?

Da wannan tambaya ce takardar za ta tunkari ƙagaggen labarin Jean Teulé (1953-2022) mai suna Le Magasin des suicides, wato kantin masu kashe kansu, wanda kamfanin Julliard ya buga a Faransa a 2007. Jigonsa shi ne cin riba da taimaka wa mutum ya kashe kansa. Ra'ayin takardar shi ne, irin wannan jigo yana da hujjar zama abin dariya muddin dariyar a kan mai sayarwa take sauka, kuma littafin Teulé ya fara a kan wannan turba amma bai daɗe a kanta ba.

2.0 Tsohon Jigo ne

Ba Teulé ne ya fara ba. A 1878 Robert Louis Stevenson ya fitar da labaran The Suicide Club, inda aka nuna wata ƙungiyar asiri a birnin Landan da ake biyan fam 40 kafin a shige ta. Kowane dare a raba karta. Wanda ya ja wata karta shi ne mamaci, wanda ya ja wata shi ne makashi. Shugaban ƙungiyar shi ke raba kartar, shi ke karɓar kuɗi, kuma shi kaɗai ne ba ya cikin cacar. Stevenson bai bar mai karatu cikin shakka ba game da mugun labarin.

Wanda ya fi dacewa a kwatanta da Teulé shi ne gajeren labarin André Maurois, Thanatos Palace Hotel, na shekarun 1930. Wani Bafaranshe mai harkar hannun jari a Amurka ya karye, sai ga wasiƙa daga wani otel da ke alkawarin raba baƙonsa da duniya cikin barci, in ya biya. Ya biya, ya je. A can ya haɗu da wata mace, hira ta yi daɗi, har ya ji yana son rayuwa. Ya sami manajan ya ce ya fasa, manajan ya amsa masa da fara'a. A daren aka cika masa aiki, aka kuma biya matar ladanta, domin ashe ma'aikaciyar otel ce. Dariyar da ke cikin wannan labari mai ɗaci ce ƙwarai, kuma duk a kan otel ɗin take: an nuna cewa da zarar mutuwa ta zama haja, canjin ra'ayin mai saye cikas ne kawai ga ciniki.

3.0 Kantin Gidan Tuvache

Teulé ya ajiye labarinsa a wani zamani mai zuwa, a birnin da muhalli ya gurɓace, mutane suka yanke ƙauna. Iyalin Tuvache sun gaji wani kanti kaka da kakanni, suna sayar da duk abin da mai neman barin duniya ke bukata, suna alfahari da ingancin kayansu. Sunayen ƴan gidan duka na mutanen da tarihi ya danganta da kashe kai ne. Maigida Mishima, sunan marubucin Japan da ya mutu a 1970, uwargida Lucrèce, ƴaƴa kuwa Vincent (mai zane Van Gogh), da Marilyn (ƴar wasa Monroe), da auta Alan (masanin lissafi Turing). Shi kansa sunan gidan, wanda ya karanta Madame Bovary zai tuna cewa sunan magajin garin da Emma ta sha guba ne.

Matsalar gidan ita ce auta. An haifi Alan da murmushi, ya tashi yana waƙa, yana faranta wa masu saye rai har su fita ba su sayi kome ba. Iyayensa na ganin wannan a matsayin abin kunya da asara.

Babin farko-farko su ne mafi ƙarfi a littafin, kuma dalilin a fili yake. Teulé ya ɗauki harshen ɗan kasuwa nagari, da ladabinsa, da tallansa, da yabon kayansa, ya ɗora a kan sana'ar da ba ta da mai dawowa. Faransanci na da sallama iri biyu, au revoir ga wanda ake sa ran sake gani, da adieu ga wanda ba za a ƙara gani ba. Dokar kantin ita ce a yi wa mai saye ta biyun, shi kuwa Alan ta farkon yake yi, ana yi masa faɗa. Cikin wannan ɗan wasa na kalmomi marubucin ya tona asirin cinikin gaba ɗaya. Bahaushe kan ce ciniki ya yi kyau idan mai saye ya dawo gobe; a nan dawowar mai saye shaida ce cewa kaya ba su yi aiki ba. Ɗan kasuwar da ribarsa ke wajen rashin dawowar abokin cinikinsa, ya cancanci zambo, kuma Teulé ya yi masa shi da gwaninta.

4.0 Inda Doka ta Ja Layi

Kada mai karatu ya ɗauka wannan jigo tatsuniya ce zalla. Sashe na 115 na kundin hukunta laifuka na ƙasar Suwizalan, wanda ya fara aiki a 1942, bai haramta taimaka wa mutum ya kashe kansa ba sai idan an yi shi don son kai, kuma cin riba na cikin abin da ake nufi da son kai. A ƙarƙashin wannan sashe ne ƙungiyar Dignitas, wadda Ludwig Minelli ya kafa a 1998, ta sami damar aiki. A 2018 an gurfanar da Minelli bisa zargin karɓar kuɗi fiye da kima, kotu ta wanke shi. Abin lura shi ne, ko a ƙasar da ke da sassauci sosai a kan wannan batu, a kan kuɗin aka yi shari'a. Wato ke nan, inda Stevenson da Maurois suka nuna da yatsa, nan ne mai doka ma ya ja layinsa.

Ita kuwa Faransa, abin da ta fuskanta ya shafi marubuta kai tsaye. A 1982 Claude Guillon da Yves Le Bonniec suka buga Suicide, mode d'emploi, littafin da ya ƙunshi bayanin hanyoyi, ya kuma sami kasuwa sosai. Ce-ce-ku-cen da ya jawo ne ya haifar da dokar 31 ga Disamba 1987 da ta mayar da ingiza mutum ga kashe kansa laifi. Littafin Teulé ba irin wancan ba ne, ba kuma wanda zai koyi wani abu na zahiri a cikinsa. Amma tarihin na tunatar da mu cewa shi ma marubuci ɗan kasuwa ne, yana da kantinsa, kuma dariyar mai karatu ce hajarsa.

5.0 Inda Dariyar ta Karkata

Daga tsakiyar littafin akalar raha ta juya. Masu saye na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƴar matsalarsa da aka zayyana a layi biyu ko uku, a yi dariya, ya fita. Ba a ba ko ɗaya daga cikinsu lokacin da mai karatu zai san shi ba. Su kuwa ƴan gidan Tuvache, da zama da su ya yi tsawo, sai suka zama abin so: uwa mai ƙaunar ƴaƴanta, uba mai fama da nauyin gado, budurwa mai ganin kanta mummuna. Sannu a hankali mai karatu ya koma bayan kanta, yana kallon masu saye da idon mai kanti. Wannan kuwa kishiyar abin da Maurois ya yi ne, wanda ya zaunar da mai karatu a ɗakin baƙo har zuwa daren ƙarshe.

Batun sunaye ma na da nauyinsa. Titin da kantin yake an ba shi sunan Pierre Bérégovoy, tsohon firayim ministan Faransa da ya mutu ranar 1 ga Mayu 1993, shekara 14 kacal kafin fitar littafin, lokacin da iyalinsa na raye suna karatu. Alan Turing kuwa, kotun Ingila ta hukunta shi a 1952 saboda hulɗarsa da namiji, aka tilasta masa shan magani, ya mutu a 1954, ba a yi masa afuwar sarauta ba sai 2013. A littafin, tuffar da aka samu kusa da gawarsa ta zama ɗaya daga cikin kayan kanti. Ana iya cewa mai kanti ake yi wa zambo, shi da ya mayar da masifar mutum tambarin haja. Amma littafin bai tsaya ya nuna masifar ba, don haka abin da ya rage wa mai karatu shi ne tuffar.

Mafi rauni shi ne maganin da labarin ya kawo. Fara'ar Alan ta kama gidan kamar annoba, kantin ya koma wurin cin wainar fulawa da kiɗa da annashuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara, kuma masana sun daɗe da nuna cewa ciwon damuwa cuta ce, ba ƙarancin nishaɗi ba. Ba a neman ƙagaggen labari ya zama littafin likita. Sai dai labarin da ya ce murmushin yaro ya isa, ya ɗauki masu saye a matsayin mutanen da ba su gane wasa ba. Sa'annan ga tambayar da jigon da kansa ya tayar aka bar ta: ina alhakin waɗanda suka saya a baya? Gidan Tuvache bai biya kome ba. Ya canja haja ne kawai, da jarin da ya tara daga tsohuwar, kuma sabuwar ta fi riba tunda mai cin waina yana dawowa.

Shafin ƙarshe ne ya ceci wani abu daga littafin. Alan ya faɗo daga sama, yana lilo riƙe da wani ƙyalle, ƴan gidan na janyo shi, suna dariya, suna tsara gobe. Da ya ga aikinsa ya cika, sai ya saki. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan ƙarshe, kuma ana iya zarginsa da neman girgiza mutane kawai, domin ba a shimfiɗa masa hanya ba. Duk da haka shi ne wuri ɗaya tak da mutuwa ta sami wanda mai karatu ya sani, kuma nan take dariya ta tsaya. Ya kuma rushe abin da littafin ya ɗauki babi da babi yana ginawa, tunda wanda ya fi kowa fara'a shi ne ya tafi, ba kuwa wanda ya taɓa tambayarsa lafiyarsa.

Da Patrice Leconte ya mayar da labarin fim na zane mai waƙoƙi a 2012, ya cire wannan ƙarshe, ya bar Alan da rai. Fim ɗin ya ƙare a wurin cin waina, ciniki na tafiya.