ZAKARAN GWAJIN DAFI: SHARHI A KAN LITTAFIN THE CONSTANT GARDENER

Mai yiwuwa ne wani daga cikin 'yan ƙungiya ya tambaya, me ya kawo littafin Bature, wanda aka rubuta da Turanci a kan ƙasar Kenya, cikin mujallar da aka kafa don adabin Hausa? Amsar ita ce, ba safai ake ambaton littafin nan ba tare da an ambaci Kano ba. Masu sharhi da yawa kan ce ai labarin gwajin maganin Trovan ne, wanda kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996, aka sauya wa riga. To, tun da duniya ta ɗauka cewa wannan labarinmu ne, ya zama wajibi mu auna shi da namu mudun.

Marubucin shi ne John le Carré, mutumin Ingila wanda ya yi suna a kan labaran leƙen asiri, ya kuma rasu a 2020. Littafin ya fito a 2001, aka mai da shi fim a 2005. Ma'anar sunan a Hausa ita ce mai lambun da ba ya gajiya da lambunsa.

Labarin a taƙaice

An tsinci gawar Tessa, matar wani ma'aikacin ofishin jakadancin Ingila a Nairobi mai suna Justin Quayle, a bakin tafkin Turkana. Abokin tafiyarta, wani likita baƙar fata mai suna Arnold Bluhm, ya ɓace, aka kuwa yi ta raɗe-raɗin cewa farkanta ne, kuma shi ya kashe ta. Shi Justin mutum ne salihi, ba ruwansa da komai sai furanninsa. Da ya shiga bin sawun takardun matarsa, sai ya gano cewa ta bankaɗo asirin wani maganin tarin fuka mai suna Dypraxa, wanda ake gwadawa a kan talakawan Kenya ana ɓoye waɗanda ya kashe. Ya bi sawun nan har Italiya da Jamus da Kanada da Kudancin Sudan, daga ƙarshe ya koma bakin tafkin da aka kashe ta, shi ma aka kashe shi a can.

Ta wajen zubi da tsari babu abin kushewa. Marubucin ya buɗe labarin ne ta idon Sandy Woodrow, wani babban jami'in ofishin, munafuki kuma matsoraci, wanda ke son Tessa a ɓoye. Saboda haka mai karatu kan fara sanin Tessa ne ta bakin masu ɓata mata suna, sa'an nan a hankali a wanke ta. Wannan dabara ce ta gwani. Haka kuma ya iya kama harshen manyan ma'aikata, wato irin maganar nan mai laushi wadda ake yi wa mutum barazana da ita ana yi masa murmushi. Duk ɗalibin da ke son koyon yadda ake sa tauraro ya tona wa kansa asiri da bakinsa, to, ya karanta babin farko-farko na littafin nan.

Ina Wanza?

A nawa ganin, babban gurbin littafin yana wurin taurarinsa. Jigonsa dai shi ne zaluncin da ake yi wa mutanen da ake gwada magani a kansu. To, su wane ne waɗannan mutane? Mutum ɗaya tak aka nuna mana sosai, wata yarinya mai suna Wanza, wadda ta haihu a ɗaki ɗaya da Tessa a asibiti, ta mutu, gawarta da takardunta suka yi ɓatan dabo. Labarinta ma ta bakin wasu muke jin sa. Ba mu san abin da aka faɗa mata ba kafin a ba ta maganin, ba mu san da wane harshe aka faɗa ba, ba mu san ko ta yi tambaya ba. Aikinta a cikin labarin shi ne ta mutu don zuciyar Tessa ta motsa, ita kuma Tessa ta mutu don zuciyar Justin ta motsa. Shi kansa likita Bluhm, wanda ya fi kowa sanin abin da ake ciki, ya riga ya ɓace tun kafin a buɗe shafin farko.

Bahaushe yana da kalma ga irin matsayin Wanza. Yau in an ce wane zakaran gwajin dafi ne, yabo ake nufi, amma asalin maganar ba ta yabo ba ce: zakara ne da ake sokawa da kibiya a ga ko dafin ya yi. Ba a shawara da shi. Kamfanin da ke cikin labarin ya mai da Wanza irin wannan zakara, marubucin kuma, duk da kyakkyawar niyyarsa, bai fid da ita daga nan ba. Ya ba Justin ɗaruruwan shafuka na tunani da nadama, ita kuwa ko shafi ɗaya na nata tunanin ba ta samu ba. Fim ɗin ya ɗan yi ƙoƙari a nan, inda ya nuna ƙanenta Kioko riƙe da katin asibiti mai alamar cewa sun yarda, aka kuma bayyana cewa wanda ya ƙi yarda ba ya samun magani. Wannan ɗan gajeren wuri ya fi kusa da gaskiyar al'amarin fiye da duk guje-gujen da ke cikin sauran fim ɗin.

Abin da ya faru a Kano

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum kusan 12,000 a Nijeriya. Ana cikin haka ne likitocin Pfizer suka sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, suka ɗauki yara 200. Kimanin rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka ba su Rocephin, wanda an riga an san yana aiki. Yara 11 suka rasu, 5 daga masu Trovan, 6 daga ɗaya rukunin, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarna, domin haka sanƙarau yake yi.

Mai karatu ya lura da waɗannan alƙaluma, biyar da shida. In da le Carré ne ya tsara su, da ya sa gawawwakin duka a gefe guda, domin labari irin nasa yana bukatar magani mai kisa da 'yan ina-da-kisa masu rufe baki. A Kano ba a kashe kowa a bakin tafki ba. Abubuwan da aka yi ta shari'a a kansu abubuwa ne marasa ƙara. An zargi kamfanin da rage adadin Rocephin da ake ba yaran. An gano cewa takardar izinin da aka ce ta fito daga kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano daga baya aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Uwa-uba kuma, babu takardar yarda da iyaye suka sa wa hannu. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyayen bayani da Hausa, sun kuma yarda da baki. Iyayen da suka kai ƙara suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne.

Ashe ke nan zuciyar rikicin wata 'yar gajeriyar magana ce da aka yi, ko ba a yi ba, da Hausa, tsakanin ma'aikaciyar jinya da uwar da ɗanta ke sanƙare a hannunta. Sauran abubuwan duk sun biyo baya ne: labarin jaridar Washington Post a ƙarshen 2000, da kwamitin bincike na Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi a 2001, da ƙarar da Jihar Kano ta shigar a 2007, da sulhun dala miliyan 75 a 2009 wanda kamfanin bai amsa laifi a cikinsa ba. Sai a 2011 aka fara biyan diyya, iyalai huɗu, kowanne dala 175,000, bayan an gwada ƙwayoyin halittarsu. Shekara goma sha biyar ke nan. Wane marubucin labarin leƙen asiri ne zai iya jira haka?

Rabin labarin da aka bari

Akwai kuma wani abu da littafin bai ba mai karatu ba, wanda rashinsa ya fi damuna. Duk wanda ya gama karanta shi zai rufe shi da imanin cewa gwajin magani a Afirka sata ce zalla, kuma mai hankali shi ne wanda ya gudu. Mu kuwa mun ga inda wannan imani ke kaiwa. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna, kuma labarin Trovan yana cikin hujjojin da aka riƙa kawowa. Kano ba ta koma ba sai a tsakiyar 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yaran da suka shanye a wannan tsakani kuwa ba wanda ya biya su diyya.

Wanda ya shiga mota a tashar Kawo zai tafi Kano, dole ya ratsa ta Zariya, kuma a Zariya ne ɗaya rabin labarin yake. A annobar sanƙarau ta 1977, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Brian Greenwood, suka bi gidajen waɗanda suka kamu. Mutanen gidan, sama da dubu ɗaya, aka raba su gida biyu: wasu aka yi musu allurar rigakafin sanƙarau, wasu aka yi musu ta ciwon sarƙe-haƙora, don a samu abin kwatance. A rukuni na biyu mutum biyar suka kamu, ana kuma zaton wasu huɗu, a rukunin farko kuwa mutum ɗaya kawai aka yi zato. Ta irin wannan hanya ce ake sanin ko allura tana aiki, kuma ba ta yiwuwa sai da jikin mutane.

Haka aka yi da MenAfriVac, allurar da ta kusa kawar da nau'in sanƙarau mafi yi mana ɓarna. An gwada ta a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Ghana, aka fara amfani da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011. Sabuwar allura mai kare nau'i biyar, wadda Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024, an gwada ta a kan mutum 1,800 masu shekara 2 zuwa 29 a Mali da Gambiya. Wato yaron da aka yi wa allura a unguwar Kawo yana cin albarkacin wata uwa a Bamako da aka zaunar aka yi mata bayani ta ce to. Irin wannan uwa ba ta cikin littafin le Carré, kuma ba ta da gurbi a cikinsa, domin tsarinsa azzalumi da wanda aka zalunta da mai ceto kawai ya sani.

A nan ne nake ganin aikin ya dawo kan marubutanmu. Tauraron da ba a rubuta ba shi ne mutumin da aka tambaya, ya san zai iya ƙi, ya auna, ya miƙa hannu ko ya janye. Hausawa sun ce sa kai ya fi bauta ciwo, kuma duk wani ɗalibin adabi ya san cewa zaɓi shi ne ke haifar da tauraro, gawa kuwa sai dai ta ba da tausayi. Ga kuma rikicin gida da ke jiran mai alƙalami: matar da ta gamsu amma maigida bai gamsu ba, surukar da ta tuna Asibitin Zana, malamin unguwa, da kuɗin mota da ake ba masu shiga gwaji, waɗanda ga mai hali ba komai ba ne, ga wanda bai ɗora tukunya ba kuwa suna iya zama igiya.

Sa'an nan ga matsalar harshe, wadda ta fi shafar wannan ƙungiya kai tsaye. Tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947 zuwa dokokin ɗa'ar binciken lafiya da Nijeriya ta fitar a 2007, sharaɗin farko shi ne mutum ya fahimci abin da zai shiga. To, da wace Hausa? Kalmar gwaji a asibiti tana nufin gwajin jini, wanda kowa ke yi ba fargaba, tana kuma nufin gwada abin da ba a tabbatar ba. Ma'aikaciyar jinya na iya cewa za a yi wa ɗanki gwaji, ta faɗi gaskiya, uwar kuma ta ji wani abu dabam. Sa kai ma yau in an faɗa, 'yan sintiri masu bindigar toka ke zuwa zuciya. Dole mai bayani ya iya cewa ƙuri'a za a jefa, ni kaina ban san wace allurar ɗanki zai samu ba. Dole ya iya cewa kina da ikon fita ko gobe ne. Dole kuma ya ce, in kin ƙi, za a yi wa ɗanki magani kamar yadda ake yi wa kowa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce iyayen Kano suka shaida wa kotun Amurka cewa ba su ji ba, alhali a harabar asibitin nan guda likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna ba da sanannen maganin sanƙarau kyauta.