Shin Da Gaske Daga "Gudu" Aka Samo "Maguzawa"?



Akwai wani bayani da ya daɗe yana yawo a bakin mutane, yanzu kuma ya samu gindin zama a TikTok da WhatsApp. Wai wani mutum ne mai suna Bama ya musulunta, da ya ga salloli sun yi masa yawa sai ya tsere, aka ce "Bama ya guje", daga nan aka samu Bamaguje, zuriyarsa kuma Maguzawa. Labarin akwai daɗin ji. Amma mu da muke Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mutanen da ake magana a kansu maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, 'ya'yansu na zaune a aji tare da namu. Don haka ya kamata mu ɗora maganar a kan sikelin nahawu mu ga ko za ta tsaya.

Da farko, "Ba-" ɗin nan ɗafa-goshi ne na nuna asali, irin na Bakano da Bakatsine da Bagobiri. Yana faɗuwa a jam'i: Kanawa, Katsinawa, Gobirawa. Haka Bamaguje ya koma Maguzawa. To in da sunan wani Bama ne a ciki, yaya aka yi rabin sunan ya ɓace, aka bar "ma" kaɗai? Ai da sai mu ji Bamaguzawa.

Na biyu shi ne ganɗantawa. A Hausa, idan s, t, d ko z suka zo kafin wasalin i ko e, sukan sauya: Hausa, Bahaushe, Sakkwato, Basakkwace, gudu, guje, kaza, kaji. Ku lura da misalai biyun ƙarshe: d da z duk j suke komawa. Kenan "j" ɗin Bamaguje ba za ta gaya mana asalinta ba, sai mun duba jam'i, inda baƙin yake komawa yadda yake. Bagidaje jam'insa gidadawa, d ta dawo. Bamaguje jam'insa Maguzawa, z ce ta dawo. Da daga gudu ne, Magudawa za mu ce. Saiwar kalmar ita ce maguz-, kuma babu z a cikin gudu. Nan labarin Bama ya faɗi.

To daga ina ta fito? Ra'ayin da ya fi ƙarfi a wajen masana shi ne daga kalmar Larabci Majus, sunan da ake kiran mabiya tsohon addinin Farisa. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, yana cikin waɗanda suka yi nazarin addininsu. Murray Last shi ma ya zauna da Maguzawa a yankin Malumfashi, nan kusa da mu, ya yi rubutu a kan alaƙar sunan da Majus.

Sai dai a nan ne wasu ke sake zamewa, su ce ashe Maguzawa daga Iran suka zo, wuta suke bauta wa. A'a. Asalin kalma daban, asalin mutane daban. Majus ta zama kalmar fiƙihu. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, don haka malamai suka riƙa faɗaɗa sunan a kan al'ummomin da ba Yahudu ba, ba Nasara ba. Marubutan Andalus ma Majus suka kira maharan arewacin Turai da suka afka wa birnin Ishbiliya a shekarar 844, alhali ba su haɗa komai da Farisa ba. Idan wannan asali ya inganta, sunan yana nuna mutanen da aka yarda su zauna da amana, su biya jiziya a bar su da al'adarsu. Ku duba nisan da ke tsakanin wannan da "matsoratan da suka guje wa salla". Ɗaya matsayi ne a shari'a, ɗaya gori ne.

Wasu kuma sukan kawo Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, su ce ai ya ambaci Maguzawa tun zamanin Sarki Bugaya a ƙarni na 14. Ya ambata, gaskiya ne. Amma littafin a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi. Yana nuna mana kalmar da marubucin ya sani, ba lallai kalmar da mutanen Bugaya suka furta ba.

Irin wannan cutar ce ta kama kalmar Samudawa. Duk inda aka ga tsohuwar ganuwa, ko ramukan niƙa a kan dutse, ko tarin kashin maƙera a kufai, sai a ce aikin Samudawa ne, wasu ƙatti da suka zauna a nan. Kalmar daga Larabci take, sunan mutanen Annabi Salihu (AS), kuma sautin farkonta ya koma s kamar yadda ya faru a Usman da sulusi. Alƙur'ani ya ba da labarinsu, amma bai ce sun zauna a ƙasar Hausa ba. Wurinsu Hijr ne, a arewa maso yammacin Saudiyya ta yau. Bahaushe ya ari sunan ya ce wa ƙaton mutum basamude, wannan azanci ne mai kyau. Ɓarnar tana farawa ne idan aka ɗauki azanci aka mai da shi tarihi, aka ƙwace aikin kakanninmu aka ba wasu.

Ga yadda ake yi in ana son gaskiya. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, an yi tono a 1907, aka sake yi a 1992. An samu kayan tagulla da zinare da wuri a kaburburan, aka auna shekarunsu, aka ga sun kai ɗaruruwa. Mutane ne irinmu, masu sarauta da fatauci mai nisa. Mu ma a kudancin Katsina ba mu rasa abin bincike ba. Sarautar Sarkin Pauwa ta Ƙanƙara da ta Kogo ta Sabuwa suna ɗauke da sunayen tsofaffin garuruwa, kuma Dakta Yusufu Bala Usman ya yi maganar wannan yanki a littafinsa na tarihin Katsina na 1981. Ko a nan a kula: Pauwa sunan wuri ne, ba fawar mahauta ba. Kamar da wane ba ta wane.

Ba ina cewa a jefar da labaran kaka da kakanni ba. Labarin Bama adabin baka ne, kuma yana koya mana yadda Musulmin wani zamani suke kallon maƙwabtansu. A karanta shi a matsayinsa. Amma duk wanda ya kawo muku asalin wata kalma, ku yi masa tambayoyi uku. Shin bayanin ya dace da tilo da jam'i da jinsin mace duka? Shin akwai wasu kalmomin da suka bi wannan sauyin sauti? A wane rubutu aka fara ganin kalmar, kuma yaushe aka rubuta shi? In ya kasa amsa ko ɗaya, to hira ce yake yi muku.

Ɗalibai, ga aiki: ku gwada tambayoyin nan a kan masu cewa "Hausa" daga "hau sa" take. Ku fara da tsawon wasalin ƙarshe da karin sauti.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya zaunar da yankinmu lafiya.