Motar rimot: ba kowace roba ake musanya da ƙarfe ba

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin masu wasa da manyan motocin rimot, kuma ta daɗe tana damuna. Mutum zai sayi sabuwar mota dal, ko batir bai taɓa sa mata ba, sai ya kwance ta gutsun-gutsun, ya zubar da duk wata giya da shaf na roba da ta zo da su, ya cusa na ƙarfe da alminiyam masu ƙyalli. Idan ka tambaye shi dalili, zai ce rigakafi ya fi magani. Ni dai a ganina yawancin wannan aiki ɓarnar kuɗi ce, kuma sau da yawa shi ne silar lalacewar motar.

Na shiga wannan harka ne a shekarun da na zauna a Ingila, inda muke haɗuwa a wani fili kowace Asabar. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka kayan wasan yara ne. Motar X-Maxx da kamfanin Traxxas na Amurka ya fitar a 2015 ta fi kilo 8 nauyi, kuma samfurinta da ya biyo baya yana cin batir mai sel 8, wato bolt 29.6, yana gudun kilomita 80 a awa. Kraton ta kamfanin Arrma tana aiki da sel 6, bolt 22.2, injinta na lantarki kuma yana iya juyawa kusan sau 45,000 a minti. Duk wannan ƙarfi ta 'yan haƙoran giya da ba su kai ƙwayar shinkafa ba yake bi kafin ya isa taya. Saboda haka tsoron da ke sa mutane sayen ƙarfe yana da tushe. Inda suke kuskure shi ne a wajen zaɓen abin da za a sauya.

Ƙarfin yana tashi daga injin zuwa ƙaramar giyar da ke bakinsa, ita kuma ta juya babbar giya. Daga nan ya bi ta kuloci ko difarenshal na tsakiya, ya shiga dogon shaf, ya rabu zuwa difarenshal na gaba da na baya, sannan gajerun shaf su kai shi tayoyi. Idan mota ta tashi sama ta diro, tayoyin da ke juyawa a iska suna cafkar ƙasa farat ɗaya, alhali injin yana nan yana turawa. Wannan bugu dole ya sauka a wani wuri. A ƙananan motoci irin su Slash mai jan tayoyin baya, da gangan aka sa babbar giya ta roba da kuloci mai sulɓewa, don idan bugun ya yi yawa kulocin ya sulɓe ko haƙoran robar su zube. Kuɗin giyar robar dala kaɗan ne, sauya ta kuma aikin 'yan mintuna ne.

Duk wanda ya taɓa ganin an cire fis ɗin da ya ƙone an ɗaure wurin da waya mai kauri ya san ƙarshen labarin. Wutar ba za ta ƙara yankewa a nan ba, amma ran da ta yi yawa, firji ko talabijin ne zai tafi. Haka ma robobin nan da ke cikin cibiyar tayar baya ta babur, babu bakaniken kirki da zai cire su ya sa ƙarfe don suna cinyewa, domin su ke shanye fizgar sarƙa. Giyar robar motar rimot ita ce fis ɗinta.

Na ga wannan da idona a wurin wani matashi da muke haɗuwa a filin. Giyarsa ta roba ta zube sau biyu a wata ɗaya, sai ya sa ta ƙarfe, ya kuma ɗaure kulocin tam. Sati biyu bayan haka motar ta diro daga wani tudu, muka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, tayoyin baya suka tsaya. Da muka buɗe difarenshal a kan murfin but ɗin motata, man da ke ciki ya koma toka-toka da garin ƙarfe, ƙananan giyoyi biyu sun rasa haƙora, boris ɗaya ya tarwatse. Ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, ai ƙarfe na sa." Na ce masa, "Ƙanena, ƙarfen bai karye ba, shi ya sa abin da ke bayansa ya karye." Garin neman gira ya rasa ido, domin gyaran ya ninka kuɗin giyar roba sau da yawa, ya kuma jira kaya kusan sati uku.

Da muka duba, ashe abin da ke cin giyar tasa tun farko tazara ce. Injin ya ɗan ja baya, haƙoran suna taɓa juna da baki-baki kawai. Tsoffin hannu suna da dabara mai sauƙi: a sa siririyar takarda tsakanin giyoyin biyu, a matso da injin har ya danne ta, a ɗaure sukurori, sannan a zare takardar. Abin da ya rage ɗan wasa ne kaɗan da za ka ji da yatsa. Wannan bai ci ko kwabo ba. Haka ma koyon sakin totur kafin taya ta taɓa ƙasa, wanda a ganina ya fi kowane ƙarfe ceton difarenshal. Sai duba man silikon da ke ciki, da sa siraran washa don toshe girgiɗin giyoyi, da ɗiga maganin riƙe sukuru mai launin shuɗi a kan sukurin ƙaramar giya.

Akwai wuraren da ƙarfe ya zama dole, kuma ba na musun haka. Motar da aka ƙera don tsohon inji mai burushi da batir ɗin bolt 7.2, idan ka sa mata inji mara burushi da batir mai sel 3, bolt 11.1, shaf ɗinta na roba zai murɗe kamar igiya. Haka idan ka ƙara girman tayoyi, domin kowane ƙarin faɗi da nauyi ƙarin wahala ne ga shaf. A nan shaf ɗin ƙarfe irin na kamfanin MIP yana da amfani, kuma gidan difarenshal na alminiyam yana hana giyoyi buɗewa idan aka takura su. Manyan motoci masu sel 6 da 8 ma da giyoyin ƙarfe suke fitowa daga kamfani, sai dai masu ƙera su sun tanadi wani abu mai shanye bugu, ko difarenshal na tsakiya mai kaurin mai, ko robobi a jikin babbar giya. Sun san cewa dole a bar wa ƙarfi mafita.

Shawarata ga duk wanda ya shigo harkar nan, musamman mu da muke sayen kaya da dala mu jira su daga ƙetare, ita ce ya tuƙa motarsa yadda ta zo na tsawon batir goma ko ashirin. Abin da ya karye, a fara binciken dalilin karyewarsa. Idan ya sake karyewa bayan an daidaita tazara an kuma gyara hannu, to shi kaɗai za a sauya da mai ƙarfi. Kafin ka biya kuɗin kowane sabon ƙarfe, ka tambayi kanka wane abu ne ke biye da shi a layin, kuma nawa ne kuɗinsa. Ka bar wuri ɗaya mai arha da sauƙin kwancewa ya zama shi ne mai rauni, ka ajiye biyu ko uku nasa a jakar kayan aikinka.