Ɗan Gida a Kujerar Koci: Shaun Wane da Al'adar Wigan

Ƙwallon zari-ruga iri biyu ce, kuma rabuwarsu ta samo asali ne daga batun kuɗin cefane. A ranar 29 ga Agusta 1895, wakilan ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle daga hukumar wasan, don ta hana a biya ɗan wasa ladan yinin da ya rasa a wurin aiki saboda wasa. Masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa, ba su da halin yin wasa kyauta. Daga nan aka samu zari-rugar lig, wadda tun 1906 ake buga ta da mutum 13 a kowane ɓangare. Har yau zuciyarta tana garuruwan Lancashire da Yorkshire, inda ƙungiya take kamar gidan gado: kaka ya kalla, uba ya buga, jika yana jiran a kira shi gwaji.

A irin wannan ƙasa al'adar ɗan gida ta yi saiwa, wato mutum ya buga wa garinsu, ƙarfi ya ƙare, ya dawo ya horar. Shaun Wane na Wigan shi ne misalin da na fi ganin ya cancanci a tsaya a kansa.

An haife shi a Wigan a 1964, ya buga wa ƙungiyar daga 1982 zuwa 1990 a sahun gaba, wurin masu ɗaukar karo da ƙirji. Aiki ne da ba ya jawo tafi. Kai ne za ka rungumi ƙwallo ka afka cikin ƙarti uku don a samu taku goma, wani ya zo ya ci maki. Amma a daren 7 ga Oktoba 1987, da Manly ta Ostireliya ta zo filin Central Park, mutum 36,895 suka cika shi maƙil, Wigan ta ci 8 da 2 ba wanda ya kai ƙwallo bayan layi, duk makin na bugu ne. A wasan da ya zama na ƙashi da tsoka zalla, Wane aka zaɓa gwarzo.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ɗaukar hankalina. Bayan ya taɓa Leeds da Workington ya ajiye takalmi, bai faɗa kujerar babban koci kai tsaye ba. Ya yi wa Wigan farautar yara masu hazaƙa, ya shafe shekaru yana horar da matasanta, ya zama mataimakin Michael Maguire a 2010, sannan aka miƙa masa ragama a kakar 2012. Lokacin da ya hau, su Sam Tomkins da Liam Farrell da Josh Charnley yaransa ne tun ba su fara aske gemu ba. Ya san wanda tsawa ke gyarawa, ya san wanda sai an ja shi gefe. A gasar da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya iyakar albashin da za ta biya, wanda ya iya renon nasa ya riga ya yi gaba. A 2013 ya haɗa kofin Challenge da kambun Super League, inda a wasan ƙarshe Warrington ta kai 16 da 2 kafin Wigan ta juya shi zuwa 30 da 16. Ya sake cin kambun a 2016 da 2018, ya doke Cronulla a 2017 ya ɗauki kofin duniya na ƙungiyoyi.

Akan ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya. A nan ban yarda da maganar ɗungurungum ba. Dubi maƙwabciya kuma abokiyar hamayya, St Helens. Keiron Cunningham ya buga mata wasanni kusan 500, har aka kafa masa mutum-mutumi tun yana cikin wasa. Ya zama koci a 2015, aka sallame shi a Afrilun 2017, magoya bayan da suka zaɓe shi a yi masa gunkin suna wucewa ta gabansa suna ƙorafi a kansa. Abin ya taɓa ni, domin ƙaunar da ta ɗora shi ita ce ta sa faɗuwar ta yi zafi. Gadon riga bai isa ba. Abin da ya riƙe Wane shi ne doguwar koyon da ya yi a filayen matasa, inda ba kyamara ba 'yan kallo sai iyaye cikin ruwan sama.

Al'adar tana da nata tabon, kuma bai kamata a rufe shi ba. Koci ɗan gida yakan ɗauki zafin garin ya zuba wa 'yan wasa, wani lokaci ya wuce kima. A wasan ƙarshe na 2014, minti biyu da farawa, Ben Flower na Wigan ya naushi Lance Hohaia na St Helens, ya ƙara masa wani yana kwance a ƙasa. Aka kore shi, aka dakatar da shi wata shida, St Helens ta ci 14 da 6. Hannun Flower ne ya yi dukan, amma masu tambayar irin wutar da ake hurawa a ɗakin canza kaya ba su yi laifi ba.

Bayan ya bar kujerar kocin Wigan, Wane ya karɓi tawagar Ingila a 2020. Wigan kuwa, da ta tashi neman koci don kakar 2022, sai ta ɗauko Matt Peet, ɗan garin da bai taɓa buga wa babbar tawagar ba, wanda shi ma a wurin matasa ya yi wayo. Ta ajiye masa Sean O'Loughlin a gefe, tsohon kyaftin da bai taɓa sa rigar wata ƙungiya ba daga 2002 zuwa 2020. A 2024 suka kwashe kofuna huɗun da ake da su gaba ɗaya.