Aiki Ya Fara Yi Wa Riga Yawa

Tun da kekunan kwamfuta, waɗanda teloli ke kira monogiram, suka bazu a shagunan ɗinki na Kano da Kaduna da Zariya, wani yayi ya shigo aikin wuya. A riga ɗaya za ka ga an dasa dagi, an bi shi da fulawa, an kewaye da sarƙa, sannan an zuba ɗige-ɗige har bakin hannu. Dalilin a fili yake: zane yanzu a filash yake zaune, tela na iya ɗauko wannan ya liƙa wa wancan kafin shayinsa ya huce.

Ni ba haɗawar nake ƙi ba. Ai aska takwas ma haɗi ce. Ka shimfiɗa tsohuwar babbar riga ta aikin hannu ka duba: asake sun sauko ta hagu, daga kafaɗa zuwa kan aljihu, tambari ya zauna shi kaɗai a dama, wani kuma a baya, ƙananan zane sun cike tsakani ba tare da sun yi gogayya da manya ba. Kowanne ya san matsayinsa. Kafin allura ta taɓa yadin, sai mai zane ya zana, kuma sau da yawa malami ne wanda hannunsa ya saba da alƙalami da zayyana. Da yake aikin kan ci watanni, ba wanda zai ƙara ɗigo ɗaya don kawai wuri ya rage.

Keke kuwa ba ya gajiya, shi ya sa ba ya cewa ya isa. Abin kuma bai tsaya a ido ba. Idan ɗinki ya hau kan ɗinki, zare yakan ja yadi ya tattare shi. Ranar karɓa ba za ka gane ba, saboda takardar da aka manna ta baya tana riƙe da shi. Bari a wanke sau biyu, a kai wa masu bugu: gaban riga ya sandare kamar allo, gefen aikin ya yamutse. Shadda Getzner da mutum ya cire kuɗi masu ciwo ya saya a Kantin Kwari, ƙyallinta da zanen jikinta duk sun nutse a ƙarƙashin zare.

Akwai masu keke da suka iya, ban musa ba. Na ga kaftanin da aka yi wa zane biyu kacal, siririn layi ya raka babban zane a wuya, zare kalar yadin, kuma daga nesa ka san gwani ne ya yi. Amma irin wannan ba ya kawo kuɗi sosai, tunda farashi da yawan aiki yake tafiya. Mu masu kai ɗinki ma da namu laifin. Sallah na matsowa za ka ji mutum yana ce wa tela, "Maigida, a cika min aiki, kada a ce na yi rowa."